Ƙanwata Tana Takabar Mijin Da Ban Tabbata Ya Mutu Ba

Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan faɗa ma duk na aro ne. Na daɗe a guruf ɗin nan ina karanta matsalolin mutane, wani lokaci har in ja tsaki in ce wannan ma abin tambaya ne, to yau ga shi layi ya zo kaina. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara zagina, zagin ba zai dame ni ba, karanta zagi ma yana cikin aikina.

Ni mace ce, a Maiduguri nake, ina aiki a sashen yaɗa labarai na wani ofishin gwamnati, ba zan ce wanne ba. Sanarwar nan da kuke gani in wani abu ya faru, mai cewa jama'a su kwantar da hankalinsu, irinmu ne ke rubuta ta. Oga ya tsara da Turanci, ni in mayar Hausa da Kanuri in ɗora a shafi, sannan in zauna in bi abin da mutane ke cewa a ƙasa in kai masa rahoto. Na yi shekaru a haka har fatata ta yi kauri, an tsine mini, an tsine wa uwar da ta haife ni, duk ba su san mace ce mai ciwon baya ke zaune bayan shafin ba.

Ina da ƙanwa, zan kira ta Yagana, uwa ɗaya uba ɗaya, a bayana ta girma. Tana aure a Maisandari da 'ya'yanta biyu ƙanana. Mijinta Sani iyayensa mutanen Kano ne amma a nan aka haife shi, duk da haka Bakano kowa ke ce masa. Gyaran injin ban-ruwa da famfon burtsatse yake yi, bahago ne, kuma yana da i'ina sosai, nakan tsokane shi in ce kafin ya gama yi mini sallama shayi ya huce, shi kuma ya yi ta dariya. Mutum ne da ban taɓa jin ƙanwata ta kawo ƙararsa ba.

Watannin baya aka kira shi gyaran inji wani ƙauye ranar kasuwarsu, a hanyar dawowa mutanen daji suka tare motocin 'yan kasuwa, har da wadda yake ciki. Kafin mu a ofis mu san takamaiman abin da ya faru, waya ta riga ta ɗauka. Wannan ya turo saƙon murya ya ce ɗan uwan maƙwabcinsa ya gani da idonsa ba wanda ya tsira, wancan ya ɗora hoton gawawwaki wanda ni na san tsoho ne, na taɓa ganinsa a wani abin daban, adadi kuma duk guruf ɗin da ka leƙa ya ƙaru. Muka fitar da sanarwa cewa ana bincike, a guji yaɗa abin da ba a tabbatar ba. Wallahi gaskiya muka faɗa, iyakar abin da muka sani kenan, amma sai ka ce fetur muka watsa. Maƙaryata, marasa imani, kuna ɓoye gawa don kada a ce kun gaza. A cikin wannan ruwan zagin ina gangarawa da yatsa na ci karo da hoton Sani, na ranar aurensu, wani abokinsa ya ɗora ya rubuta Allah ya jiƙanka Bakano. A haka na ji cewa mijin ƙanwata yana cikin motar.

An kawo gawawwakin da aka samu asibiti, 'yan uwa suka je suka gane nasu. Na je da kaina tare da yayan Sani, Alhaji Bala, wanda ya taso daga Kano da jin labarin, muka duba, babu shi. A mitin ɗin ofis ma jami'in tsaron da ya zo ya yi mana bayani, cewa ya yi waɗanda aka gani an gani, sauran ba zai ce sun mutu ba, ba zai ce suna raye ba. Yagana kuwa ta kafe, ta ce ita ba ta ga gawa ba, ba ta ji daga hukuma ba, don haka ba wanda zai sa ta takaba saboda wani ya rubuta a waya. Ta kashe wayarta ta jefa cikin durowa. Mutane suna zuwa, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, amma jaje ake yi, Allah ya bayyana shi, Allah ya kuɓutar da shi. Duk wadda ta shigo da fuskar makoki sai ta ce mata, "Yayata a can take aiki, in da wani abu ita za ta fara sani." Kullum da wannan maganar take korar su.

A waje kuma wutar ba ta mutu ba. Aka ɗauki bidiyon mata suna kuka a ƙofar asibiti, ya zaga ko'ina, masu manyan shafuka suka hau kai, wasu ko hanyar Maiduguri ba su sani ba, suna cewa jama'a na binne 'yan uwansu gwamnati na cewa bincike, ko gaisuwa an kasa zuwa. Sai waya ta fara zuwa wa Oga daga sama. Ya tara mu ya ce mutane yanzu ba bayani suke so ba, so suke su ga mu ma abin ya taɓa mu, don haka za a haɗa tawaga da manya a bi gida-gida, kuma za a nuna kai tsaye a shafi. Da aka zo maganar waɗanne gidaje, sai aka ce duk wanda hotonsa ke yawo. Na ce masa Oga akwai waɗanda ba a ga gawarsu ba fa, har da mijin ƙanwata, gidan jaje ake yi ba ta'aziyya ba. Ya ce ya sani, amma in aka tsallake gidan Bakano, kafin magariba za a rubuta cewa don ba ɗan jiha ba ne aka ƙi zuwa, wannan kuma wata sabuwar gobara ce, in an je can zai raɗa wa shugaban tawaga a yi jaje kawai. Ba zan yi masa ƙarya ba, da nufin alheri ya faɗa, kuma ni ma a lokacin na ga kamar hakan ya yi.

Gidan Yagana ne kusan na ƙarshe. An sha rana, manya sun gaji, an shiga gida an fita gida da addu'a iri ɗaya tun safe, Oga kuma ya tsaya a baya yana amsa waya. Aka sauke buhunan shinkafa, aka zauna a tabarma, malamin tawaga ya karɓi lasifika ya ɗaga hannu, abin da ya faɗa a sauran gidajen shi ya faɗa, Allah ya jiƙan Malam Sani, ya kyautata makwancinsa, ya raya abin da ya bari. Maza suka ce amin suka shafa. Ni ce nake riƙe da wayar da ake nunawa kai tsaye, ina ganin mutane suna ta rubuto amin, amin, yanzu kuka yi abin kirki. Daga cikin gida sai na ji kuka ya tashi, irin wanda tunda abin ya faru ba a yi ba. Kun san yadda abin yake a wurinmu, hukuma ta tako da ƙafarta ta zauna a tabarmarka ta ce Allah ya jiƙansa, magana ta ƙare, ba wanda zai ce gajiya ce ta sa malam.

Na miƙa wa wani wayar na shiga ciki. Yagana na tsaye a bakin ɗakinta, ita kaɗai ce ba ta kuka, ta kama hannuna ta ce, "Yaya, gaskiya ne?" Ni kuma abin da ya taru mini tun ranar farko, ga gajiya, ga baƙin cikin abin da na gani yanzu a waje, sai na fashe da kuka na kasa magana. Ta kalle ni ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ta juya ta shige ɗaki ta cire 'yan kunnenta. Daga baya na so in gyara, na ce wa Alhaji Bala kuskure fa aka yi, ya ce wane irin kuskure, waɗanda mutanen nan suka shiga daji da su nawa ne suka dawo, a bar yarinya ta san matsayinta. Ni ma a raina na fi zaton ya mutu ɗin. Aka yi masa sallar ga'ib, aka yi sadaka, Yagana ta shiga takaba. Shafinmu kuwa ranar ya sha yabo, Oga har ya ce a ajiye bidiyon.

Da a nan abin ya tsaya ba zan dame ku ba. Kwanakin baya wani dattijo daga cikin waɗanda aka tafi da su ya kuɓuto, aka kawo shi, aka nemi ofishinmu ya je ya ji ko akwai abin da za a sanar. Kanuri kaɗai yake ji sosai, Oga kuma ba ya ji, sai aka ce in yi tafinta. Mutumin ya rame kamar a hure shi ya faɗi, yana magana yana kallon ƙofa. Aka tambaye shi ko akwai wasu da rai, ya ce akwai, ba su da yawa, bai san sunayensu ba don ba a barinsu hira. Sai ya ce amma akwai wani da ba su taɓa dukansa sosai ba saboda yana gyara musu injin ruwa, wani mai Hausa, maganarsa tana sarƙewa, da hagu yake riƙe sifana. Jama'a ni ce na juya wannan maganar da bakina zuwa Hausa, ban san yadda aka yi muryata ta fita ba. Na tambaye shi yaushe rabonsa da shi, ya ce da ɗan daɗewa, an kwashe wasu an canza musu wuri har da shi, kuma lokacin ƙafarsa ta kumbura yana jan ta. Ko yana nan ko ba ya nan, ya ce Allah kaɗai ya sani.

Da muka fito na tare Oga, ranar ce kaɗai na taɓa ɗaga masa murya. Na ce a fitar da gyara, a ce akwai waɗanda ake kyautata zaton suna raye, ko a ƙalla a je a faɗa wa iyalansu a asirce. Ya ce ba zai yiwu ba, jami'an tsaro sun ce kada kalma ɗaya ta fita. Ya ce mutanen dajin nan su ma suna da waya, suna karanta duk abin da ake rubutawa, ranar da hoton Bakano ya sake tashi da cewa yana raye, ana kiran gwamnati ta ceto shi, ranar zai tashi daga mai gyaran inji ya koma abin da za a yi ciniki da shi ko a nuna misali a kansa. Sannan ya ce ko ba wannan ba, da wane baki za mu fito mu ce mutanen da muka yi wa ta'aziyya a gaban duniya ba mu tabbatar ba, za a ce da farko mun ɓoye matattu, yanzu kuma mun binne rayayyu, gobe in muka ce a guji wata hanya akwai haɗari wa zai saurare mu. Ya ce in na faɗa a gida ya fita, shi ba zai iya kare ni ba, kuma ba aikina kaɗai ba ne a ciki. Na san a maganarsa akwai tsoron kujerarsa, amma na kasa cewa sauran ƙarya ne, don ni na fi kowa sanin yadda magana ke gudu a garin nan. Ko mijina ban faɗa wa ba, bawan Allah ne amma duk abin da ya shiga wayarsa sai ya tura wa guruf ɗin masallaci da na tsofaffin ɗalibai.

Mutum biyu na tuntuɓa, su suka ƙara raba mini hankali. Akwai abokiyar aikina Rifkatu, 'yar kudancin Borno, a Mairi take, tana wurin lokacin da dattijon ke magana. Nata wan ya ɓace shekaru da yawa, ba gawa ba labari. Ta ce mini, "Ke dai ki yi shiru. Mamanmu har yau in ta dafa abinci sai ta ajiye nasa, in an buga ƙofa ita ke fara tashi, ta tsufa a tsaye. Da ma wani ya zo ya yi mana ƙaryar nan tun farko, da ta yi kukanta ta huta." Tana faɗa tana hawaye, ban taɓa ganin ta yi kuka a ofis ba. Sai kuma na je Shehuri wurin wani malami da mahaifinmu ke girmamawa, na kawo masa maganar kamar ta wata ce. Ya ce ba a takaba a kan zato, matar wanda ya ɓace hukuncinta daban ne, tana nan matarsa, ba a raba gadonsa, ba ta aure, sai an kai gaban alƙali an yi jira mai tsawo, na shekaru. Ya ce wanda ya san haka ya yi shiru har aka raba dukiyar mai rai ko aka aurar da matarsa, ya shirya amsar da zai bayar. Ya dube ni ya ce, "'Yata, wannan matar da kike faɗa, ki ce mata ta ji tsoron Allah." Na tabbata ya gane.

Yanzu takabar ta kusa ƙarewa. Alhaji Bala ya ce zai zo a raba gado, a sayar da shagon da kayan aikin, kuma yana so ya tafi Kano da babban yaron ya sa shi makaranta, Yagana ta yarda. Har an fara yi mata maganar wani a dangi, ba ta amsa ba amma ba ta yi faɗa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta fara warkewa. Watannin farko ba ta ci ba ta sha, sai da muka yi ta kai ta asibiti, yanzu tana cin abinci, tana yi wa yara wasa, har ta ce in ta fita za ta koma ɗinkinta. In na buɗe baki na mayar da ita bakin ƙofa, ba matar aure ba ba bazawara ba, wataƙila a kan mutumin da ƙafar nan ta riga ta kashe shi a daji. Kuma na san ƙanwata, ba za ta iya riƙewa ba, za ta faɗa wa Mama, za ta fita daga takaba, unguwa za ta tambayi dalili, kafin azahar yana waya. In kuma na yi shiru, wata rana Sani ya turo ƙofar gidan nan da sallamarsa mai tsawo ya tarar an sayar da shagonsa, ɗansa na Kano, matarsa na ɗakin wani, kuma ta ji cewa na sani. Ina jin tsoro, ina jin haushin ofishinmu, ina jin haushin masu waya da suka kashe shi da yatsa tun kafin a san komai, sannan in tuna cewa duk surutunsu ba ta yarda ba sai da ta ga hawayena.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je duba ta, ta jawo wata jaka daga ƙarƙashin gado, kayansa ne, ta wanke ta goge ta ninke, har da rigar aikinsa mai tabon baƙin mai da hular da ya sa ranar aurensu. Ta ce in kai masallaci a raba wa mabukata ladan ya kai masa, ita ba za ta iya ganin wani sanye da su a unguwa ba, in kai can wajenmu. Da na ɗauka sai ta ce, "Yaya, na gode wa Allah da ya sa ke kike wurin nan. Da ba don ke ba da har yanzu ina zaune ina jiran mutumin da ba zai zo ba."

To 'yan uwa, musamman malamai da waɗanda aka taɓa ɗauke musu wani, ku faɗa mini. In faɗa mata in ɗauki duk abin da zai biyo baya, har da abin da zai iya samunsa a can? In faɗa wa Alhaji Bala shi kaɗai ko zai dakatar da rabon gado, alhali ban san cikinsa ba? Ko in ja bakina kamar yadda aka umarce ni? Don Allah kada ku tsaya tambayar wane ofis ne ko wace hanya ce, kuma kada wani ya ɗauki rubutun nan ya kai wani shafi, in kun yi haka kun yi abin da nake gudu. Jakar tana bayan motata har yanzu, kullum da ita nake zuwa ofis in dawo, na wuce masallacin unguwarmu ban san sau nawa ba na kasa tsayawa. Jiya ta kira ni ta ce an raba? Na ce mata tukuna. In kai kayan nan masallaci, ko in mayar mata da su in ce ta ajiye?